MATA BIYAR MASU RAWA CIKIN TAGULLA

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wani tsohon gida da ake kira Hertford House. Da can gidan wasu manyan attajirai ne, amma tun shekara ta 1900 aka buɗe shi ga jama'a, kowa na iya shiga ya kalli kayan tarihin da ke ciki ba tare da ya biya ko dala ba. Cikin kayan nan akwai wani faffaɗan allo na tagulla, faɗinsa ya kusa metir 2, tsayinsa kuwa bai kai metir 1 ba. A jikinsa an fito da siffar mata biyar, sun kama hannun juna suna rawa. Iska ta ɗebi tufafinsu, ƙafafunsu kamar ba su taɓa ƙasa ba. Wanda ya tsaya gabansu sai ya ga kamar yanzu za su gitta shi su wuce, alhali kuwa yau shekara wajen 380 ke nan suna nan inda maƙeri ya bar su.

A birnin Pari aka zuba wannan tagulla, zamanin sarkin Faransa Luwi na 13. Rawar kanta kuwa ta girmi Faransa, don asalinta daga birnin Roma yake. Labarin yadda ta taso daga dutse ta shiga ƙarfe, da yadda ta tsira a lokacin da ƴan'uwanta da yawa suka koma cikin wuta, shi ne za mu kawo wa masu karatu yau, domin akwai abin lura a cikinsa.

ASALIN RAWAR

A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da daular Rumawa ke kan ganiyarta, wani masassaƙi da sunansa ya ɓace ya fito da waɗannan mata biyar a jikin farin dutse mai sulɓi, irin wanda Faransawa ke kira marbre. Shi ma salon Girkawan da suka riga shi ya bi. Bayan matan ya sassaƙa bango mai ginshiƙai a jere. Wannan dabara ce ta gwani: da yake ginshiƙan suna tsaye cik, sai ido ya ƙara ganin motsin matan da kaɗawar tufafinsu. Masana da yawa suna cewa matan nan su ne Sa'o'i na tatsuniyoyin Girkawa, watau lokuta masu bin juna, wannan na jan hannun wancan, ba mai tsayawa.

A farkon ƙarni na 17 dutsen yana cikin gidan shaƙatawa na Kardinal Scipione Borghese, ɗan ƴar'uwar Fafaroma Bulus na 5, a gefen birnin Roma. Daga nan ne ya samo sunan da aka san shi da shi har yau: Masu Rawa na Borghese. Masu zane da masassaƙa na ƙasashen Turai sukan zo su zauna gabansa da takarda da alƙalami, suna koyon yadda ake sa tufa ta bi jiki, da yadda ake nuna tafiya a jikin abin da ba ya motsi.

Ya kamata a fahimci abu guda tun yanzu. Faransawan wancan zamani Kirista ne, ba su bauta wa irin waɗannan siffofi. Sun ɗauke su kayan ado da abin koyon sana'a, kuma alamar girman sarauta: sarkin da ya mallaki irinsu ya nuna wa duniya shi ne magajin Rumawa.

SARAKUNAN FARANSA SUN ƘYALLA IDO

Sarki Faransuwa na 1, wanda ya yi mulki daga 1515 zuwa 1547, ya kai yaƙi Italiya, ya ga gine-ginenta da kayan adonta, abin ya shiga ransa. Amma mafi kyawun mutum-mutumin da ke Roma na Fafaroma ne, ba na sayarwa ba. Sai ya sake dabara. Cikin shekara ta 1540 ya aiki wani mai zane Ba'italiye da ke yi masa aiki, wanda Faransawa ke kira Le Primatice, ya tafi Roma ya ɗauko gurbin siffofin, watau ya manna masu farar ƙasa mai daskarewa, ya ɓamɓare ta gunduwa-gunduwa, ya kawo. A fadar Fontainebleau, kilometir wajen 60 daga Pari, aka gina matoya, aka zuba siffofin da tagulla. Biyar daga cikinsu suna nan har yau. A wannan zamani kuma wani shahararren maƙeri na birnin Florence, Benvenuto Cellini, ya zauna Faransa daga 1540 zuwa 1545, ya zuba wa sarki wata babbar tagulla mai faɗin metir 4 da ake kira Nymphe de Fontainebleau. Daga waɗannan baƙi ne ƴan ƙasa suka ƙara gogewa a wannan sana'a.

Ba a daɗe ba aka sami gwani ɗan ƙasa, Germain Pilon. Ran 10 ga watan Yuli na 1559 sarki Hanri na 2 ya mutu, bayan tsinin mashi ya shige masa ido wurin wasan dawaki. Al'adar sarakunan Faransa ce a binne jiki wuri guda, a ajiye zuciya wani wuri dabam. Matarsa, Catherine de Médicis, ta sa aka yi wa zuciyar mazauni a cocin Célestins da ke Pari. Pilon ya sassaƙa mata uku da farin dutse, sun ba juna baya, hannuwansu na taɓa juna, kamar suna kewayawa cikin rawa mai natsuwa, a bisa kawunansu kuma akwai tulu na ƙarfe mai ruwan zinariya inda zuciyar take. Haka kuma a kabarin sarkin, a cocin Saint-Denis, Pilon da Ponce Jacquiot sun yi mata huɗu na tagulla, ɗaya a kowace kusurwa, kowace ta karkata jiki kamar mai shirin taka rawa.

RAWA A FADA

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa rawa? Dalili shi ne, a fadar Faransa ta wancan lokaci rawa aikin manya ce, ana koyonta kamar yadda ake koyon hawan doki da riƙon takobi. Bafaden da bai iya taka ƙafa daidai ba ya sha kunya gaban sarki. Ran 15 ga watan Oktoba na 1581 an yi wani gagarumin wasa kusa da fadar Louvre, wanda ake kira Ballet comique de la reine, aka haɗa kiɗa da waƙa da rawa, aka shafe fiye da awa biyar ana yi, sarauniya Louise da kanta ta fito cikin ƴan wasa tare da matan fada. Sarki Luwi na 13 ya yi rawa gaban jama'a, har ma ya tsara kiɗan wani wasa cikin shekara ta 1635. Ɗansa Luwi na 14 kuwa yana da shekara 14 ya fito da shigar rana mai hudowa a wasan da aka yi cikin 1653, kuma cikin 1661 ya kafa makarantar rawa ta sarauta, ya damƙa ta hannun malaman rawa 13. Sai cikin 1681 ne mace mai sana'ar rawa ta fara hawa dandalin Opera na Pari, wata da ake kira Mademoiselle de La Fontaine.

A ganin masu ilimin wancan zamani, rawar da'ira hoton zaman lafiya ce. Kowa ya riƙe hannun na kusa da shi, kowa ya san gurbinsa, kiɗa ɗaya ake bi. Ƙasar da ta sha yaƙin addini daga 1562 zuwa 1598, ƴan gari ɗaya suna kashe juna, ba abin mamaki ba ne sarakunanta su so a riƙa nuna wa mutane irin wannan hoto a bango da dandali.

MANZANNIN SHEKARA TA 1640

Shekara 100 daidai bayan aiken Faransuwa na 1, sai aka maimaita shi. Minista mai kula da gine-ginen sarki, François Sublet de Noyers, wanda ke aiki ƙarƙashin Kardinal Richelieu, ya tura wasu danginsa biyu, wa da ƙane, Roland Fréart de Chambray da Paul Fréart de Chantelou, zuwa Roma. An ɗora masu aiki biyu. Na farko su komo da Nicolas Poussin, babban mai zanen Faransa da ya yi zamansa can tun 1624. Na biyu su ɗauko gurbin mafi kyawun sassaƙe-sassaƙen Rumawa, don a ƙawata fadar sarki da su. Cikin abin da aka ɗauko har da Masu Rawa na Borghese.

Poussin ya iso Pari cikin watan Disamba na 1640, aka ba shi aikin ƙawata babban zauren Louvre mai tsawon fiye da metir 400. Siffar matan kuma ta shiga hannun mutum biyu. Na farko François Anguier, masassaƙi ɗan garin Eu na lardin Normandie, wanda aka haifa cikin 1604 ya rasu cikin 1669. Shi ya gyara samfurin, domin dutsen da ya yi shekara 1500 ba ya rasa tabo da ci, kuma gurbin da ya sha doguwar hanya ba ya rasa rauni. Na biyu Henri Perlan, maƙeri mai zubi, wanda ya mai da samfurin tagulla. An yi wannan aiki tsakanin 1641 da 1643.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Poussin bai ji daɗin zaman fada ba, hassadar abokan sana'a ta dame shi, ya koma Roma kafin ƙarshen 1642, bai sake taka ƙasar Faransa ba. Richelieu ya mutu ran 4 ga watan Disamba na 1642. Cikin watan Afrilu na 1643 Sublet de Noyers ya bar gwamnati, ran 14 ga watan Mayu kuma sarki Luwi na 13 ya rasu. Cikin wata shida duk manyan da suka ɗauki nauyin aikin suka kau. Babban shirin ya tsaya, amma tagullar Perlan ta riga ta fito daga wuta.

YADDA AKE ZUBIN

Hanyar da maƙeran Faransa suka bi ita ce zubi da kakin zuma. Ga yadda take.

Da fari a gyara samfurin, a ɗauki gurbinsa gunduwa-gunduwa. Sai a shafe cikin gurbin da kaki, kaurinsa daidai da kaurin da ake so ƙarfen ya yi. In mutum-mutumi ne mai tsayuwa da kansa, sai a cika cikinsa da laka, a soka ƙusoshi don lakar ta tsaya wurinta. In an cire gurbin, ga siffar nan ta kaki ta bayyana. A nan ne masassaƙi ke komowa da ƴan kayan aikinsa, ya gyara gashi, da yatsu, da kalmasar tufa, don duk abin da ke jikin kaki shi zai fito a jikin tagulla, har zanen yatsan wanda ya taɓa shi.

Daga nan sai a liƙa wa siffar sanduna na kaki: waɗansu su zama hanyar da ruwan ƙarfe zai bi ya shiga, waɗansu hanyar da iska za ta bi ta fita. Sai a lulluɓe duka da yumɓu. Shafin farko mai laushi ne ƙwarai, ana yinsa da burushi, na baya kuwa ana cuɗa su da kashin doki da garin jan bulo don kada su tsage. A bari ya bushe sannu a hankali, a ɗaure shi da ƙarafa, a hura masa wuta. Kakin zuma yana narkewa tun zafi bai kai digiri 65 ba, sai ya tsiyaye ya fita, ya bar gurbinsa fayau. Shi ya sa Faransawa ke kiran wannan hanya da sunan kakin da ya ɓata.

Sa'an nan a binne mazubin cikin rami, a danne ƙasa kewaye da shi, a narka ƙarfe. Tagulla haɗi ce: jan ƙarfe shi ne mafi yawa, wajen kashi 90 cikin 100, saura kuwa kuza ne, ko tutiya, da ƴar darma kaɗan. Jan ƙarfe zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, kuma ba ya gudu sosai cikin mazubi. Haɗin shi ke sa ya narke da wuri, ya shiga kowane lungu. Ranar zubi ita ce ranar fargaba. In akwai sauran danshi cikin yumɓu, tururi ya fasa shi. In ƙarfen bai yi zafi sosai ba, ya daskare a hanya. In iska ta rasa mafita, ta bar ramuka a fuska ko a hannu. Aikin wata da watanni yana iya lalacewa cikin ƴan mintoci, kuma kakin da aka yi wahalar gyarawa ya riga ya tafi.

In zubi ya yi kyau, bayan ya huce sai a fasa yumɓun. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai kaushi, da sanduna ko'ina kamar ƙaya. Sai a yanke su, a toshe ramuka, a bi da magagari da ƴan ƙananan kurfi, a goge, a ba shi launi. Wannan aiki na ƙarshe yakan ci lokaci fiye da zubin kansa.

Masu karatu da suka taɓa zama wurin maƙeran fari za su ga ba baƙon abu muke faɗi ba. Da kaki da yumɓu maƙeran Agadas suke zuba kuros ɗin azurfa da ƙasarmu ta yi suna da shi. Da wannan hanya kuma aka zuba tagullar Igbo-Ukwu tun wajen ƙarni na 9 ko na 10, da kawunan Ife, da allunan fadar Bini, a ƙasar Nijeriya. Girman aiki da yawan kuɗin da aka zuba su ke bambanta, amma ilimin hannun ɗaya ne.

ABIN DA TAGULLA TA FI DUTSE

Dutse yana jure nauyi in an danna shi, amma ba ya jure lanƙwasa. Hannun da aka miƙe, ko ƙafar da aka ɗaga, ko bakin mayafi da iska ta kwasa, duk wuraren karyewa ne. Shi ya sa masassaƙin dutse yakan jingina siffarsa da kututture, ko ya bar ta manne da bango. Tagulla kuwa tana da ƙarfi ko da siririya ce, ga ta da rami a ciki, ba ta da nauyin da girmanta ke nunawa. Saboda haka ita ce ta fi dacewa da mai rawa.

Misali mai kyau shi ne aikin Pierre Biard. Cikin shekara ta 1597 aka ba shi aikin kabarin wani babban basarake, duc d'Épernon, da matarsa, a garin Cadillac kusa da Bordeaux. A ƙololuwarsa ya ɗora mace mai fukafukai, tana busa ƙaho, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ɗayar na sama, duk nauyinta ya tattaru wuri guda. Da dutse ne, da wuya ta kai yau. Wani abu kuma shi ne haske. Farin dutse yana shan haske, tagullar da aka goge kuwa tana mai da shi. A wancan zamani da kyandir ake haskaka ɗakunan fada, in harshen wuta ya kaɗa sai inuwa ta yi ta yawo cikin kalmasar tufafin, matan su zama kamar suna motsi da gaske.

ƘARFE ƊAYA, AIKI BIYU

Amma alherin tagulla shi ne kuma hatsarinta. Dutsen da ya karye ba shi da wani amfani sosai, tagulla kuwa ana iya narka ta a sake wani abu, kuma da ita ake ƙera igwa. Zamanin Luwi na 14 manyan masu zubi na Faransa su ne wa da ƙane, Jean-Jacques da Jean-Balthazar Keller, mutanen Zurich ta ƙasar Suwis. Asalin aikinsu ƙera wa sarki igwogi ne, kuma a ma'aikatar makamai ta Pari, wadda ake kira Arsenal, aka zuba mutum-mutumin da ke kewaye da tafkunan fadar Versailles. Cikin 1692 Jean-Balthazar ya zuba siffar sarki bisa doki, aikin François Girardon, mai tsayin kusan metir 7, a zubi ɗaya tak. Duk Turai aka yi ta mamaki. An kafa ta a tsakiyar Pari cikin 1699.

Ba ta cika shekara 100 a tsaye ba. Juyin juya hali ya tashi cikin 1789. Cikin watan Agusta na 1792 aka tuɓe sarki Luwi na 16, ga sojojin ƙasashen waje sun nufo Faransa. Ran 14 ga watan majalisa ta ba da umurni a kawar da siffofin sarauta, na tagulla a mai da su igwogi. Aka kayar da dokin Girardon aka farfasa, abin da ya rage na sarkin sai ƙafarsa ta hagu, wadda ke ajiye a gidan tarihi. Tagullar Fontainebleau ma waɗansunsu sun shiga wuta. Tulun zuciyar Hanri na 2 an narka shi, wanda ake gani yau bisa kawunan matan Pilon na itace ne da aka shafa wa ruwan zinariya daga baya. Kabarin Cadillac an rushe shi cikin 1792, mai busa ƙahon ce ta tsira.

Cikin wannan ruɗani an sami waɗanda suka tsaya. Wani mai zane, Alexandre Lenoir, ya riƙa tattara abin da ya iya cetowa daga coci-coci yana ajiyewa a wani tsohon gidan ƴan ibada, cikin 1795 ya buɗe shi ga jama'a. Ta hannunsa matan Pilon suka kuɓuta. Wani limamin Kirista ɗan majalisa, Abbé Grégoire, ya tashi cikin 1794 ya yi tir da ɓarnar, ya nuna cewa kayan nan dukiyar al'umma ce, ko da sarakuna ne suka sa aka yi su. Fadar Louvre kanta an mai da ita gidan tarihi ran 10 ga watan Agusta na 1793.

Ƙarfen kuwa ya ci gaba da yawo. A filin da dokin Luwi na 14 ya tsaya, Napoleon ya kafa dogon ginshiƙi, aka lulluɓe shi da tagullar igwogin da ya ƙwato a yaƙin Austerlitz na 1805. Cikin 1941 kuma, lokacin da Jamusawa suka mamaye Faransa, gwamnatin Vichy ta yi dokar da ta sa aka narka ɗaruruwan mutum-mutumi na birane da garuruwa saboda bukatar ƙarfe. Duk tsohuwar tagullar da muke gani yau, to ta tsallake irin waɗannan ranaku ne.

DUTSE YA ZO PARI, TAGULLA TA TAFI LANDAN

Cikin shekara ta 1807 Napoleon ya matsa wa surukinsa Camillo Borghese, mijin ƙanwarsa Pauline, ya sayar masa da ɗaruruwan kayan tarihi na gidansu a kan faran miliyon 13 na kuɗin wancan zamani. Cikinsu har da dutsen mata biyar. Abin da Luwi na 13 ya samu gurbinsa kawai, sai ga shi ya iso Pari da kansa, yana Louvre har yau.

Tagullar Perlan kuwa ta bi wata hanya. A ƙarni na 19 ta shiga cikin dukiyar da iyalin Hertford na Ingila da magajinsu Richard Wallace suka tara, wadda mafi yawanta kayan Faransa ne. Wannan Wallace ya zauna Pari, ya taimaki talakawanta lokacin da Jamusawa suka kewaye birnin cikin 1870 da 1871, kuma cikin 1872 ya ba birnin kyautar famfunan shan ruwa. Duk wanda ya je Pari ya gan su a bakin titi: koraye ne, na baƙin ƙarfe, mata huɗu na ɗauke da ƴar rumfa bisa kawunansu. Bayan mutuwarsa, matarsa ta bar wa al'ummar Ingila dukiyar duka cikin 1897. A gidan nan kuma akwai wani zane na Poussin da ya yi a Roma kafin zuwansa Pari, mutum huɗu sun kama hannu suna rawar da'ira, wani tsoho mai fukafukai, watau Lokaci, yana kaɗa masu molo. Mai zanen da ya guje wa fada da tagullar da aka zuba domin fadar, ga su ƙarƙashin rufi ɗaya a baƙuwar ƙasa.

ABIN LURA

Mutum nawa ne suka sa hannu kafin matan nan su iso gare mu? Akwai Barumen da ya sassaƙa dutse, da wanda ya ɗauki gurbi a Roma, da masu dakon da suka kawo shi, da Anguier mai gyara, da Perlan mai zubi, da yaran maƙera masu hura wuta da cuɗa yumɓu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun san sunan Anguier da Perlan ne domin an rubuta, an kuma adana takardun. Sauran sun tafi da sunayensu.

Wannan ya shafe mu. A gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa cikin 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, an ware wa masu sana'ar hannu wuri, suna aiki gaban jama'a. Amma a gidajenmu akwai tsofaffin mundaye, da ƙarau, da kayan doki na tagulla da azurfa, waɗanda kakanni suka bari, kuma sau da yawa akan kai su a narka don a yi sabon yayi, ko a sayar da su a kan nauyin ƙarfensu. Faransawa sun narka nasu cikin fushi da tsoron yaƙi, daga baya suka yi da-na-sani, suna neman ko da ƙafa ɗaya ce su ajiye. Wanda ya iya karatu da rubutu yau yana da abin da zai yi: in ya ga tsohon aikin ƙira, ya tambayi dattawa wa ya ƙera shi, a wane gari, a zamanin wane sarki, ya rubuta ya ajiye tare da kayan. Ƙarfe ana iya saye a kasuwa kowace rana, amma in aikin hannu ya shiga wuta, ba ya komowa.